Shekarar da Muka Daɓe Kwali

Bayan ƙaramar sallar bana da kwana kaɗan, ina zaune a tsakar gida ina tsince wake, jikata Azara ta jawo kujerar roba ta zauna, ƙafar kujerar ta lanƙwashe ta zubar da ita a ƙasa. Ta miƙe tana karkaɗe zanenta tana dariya.

"Kai, wannan kujera kwalin Ofori ce!" in ji ta.

Gidan duka ya ɗauki dariya, har da ku iyayenta. Ni kaɗai ce ban yi ba, kuma ba wanda ya lura. A nan unguwar Dabokpa ta Tamale, da cikin kasuwa, in abu ya yi kyau a ido amma ba ya ɗaukar nauyi haka ake kiransa, ko takalmi ne da ya tsinke ran farko, ko saurayin da ya ɓace da aka fara maganar sadaki. Kun tashi kun tarar da maganar a bakin mutane, ba ku taɓa tambayar inda ta fito ba. To daga bakina ta fito, kuma ƙarya ce. Na kai shekarun da ba na so a kai ni makwancina da ita, shi ya sa zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar, tun daga farko.

A lokacin ni ce magajiyar mata masu man kaɗe a unguwarmu, mu goma sha takwas. Magajiya ita ke magana da masu saye, ita ke raba aiki, ita ke raba faɗa. Ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba, don na fi kowa murya ne. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, yakan ce in ina ciniki a kasuwar Aboabo yana jin farashin daga kan keken ɗinkinsa. Aikinmu kun san shi, ko da yake babu wadda ta yarda ta gaje shi a cikinku. Da damina mu fita tun asuba zuwa dajin bayan Gbalahi mu tsinci kaɗanya a cikin ciyawa mai raɓa, mu dafa, mu shanya, mu fasa, mu soya, mu niƙa, sannan mu zauna mu yi ta bugun ƙullun da hannu har kafaɗa ta mutu kafin farin mai ya taso. A daminar nan maciji ya sari ɗaya daga cikinmu, Rakiya, a gindin bishiya, ta yi wata guda a kwance, ta tashi ta koma tsinta da ɗingishi. Tun kakanninmu a ƙwarya muke zuba mai, mu rufe da ganye, mu ɗaure da igiya.

Tica Ofori shi ya kawo mana canji. Mutumin kudu ne, Kirista, tsohon malamin makaranta, gidansa a Bulpiela. Da ya bar koyarwa sai ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwa yana sayar da leda da igiya da buhu da kwali. Siriri ne, kullum da biro a aljihun rigarsa, Hausarsa kuwa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "kai" ne a wurinsa. Shi ya samo mana wata mata a Tema, can kudu bakin teku, mai fitar da man kaɗe ƙasashen waje, shi ya rubuta mana wasiƙu, bai karɓi ko goro ba. Matar ta ce za ta sayi duk abin da muka yi a shekarar, amma ba ta son ƙwarya. A zuba man a leda, a sa a kwali. Ofori ya yo mana odar kwalayen daga wata masana'anta a can Tema, aka sauke su a ƙofar gidan nan a ninke, an ɗaure su dami-dami. Washegari aka aiko masa kawunsa ya rasu, ya tafi garinsu jana'iza, kun kuwa san jana'izar mutanen kudu ba ta kwana biyu ba ce.

Na yanke igiyar dami ɗaya na ɗaga kwali, na ji shi sakayau kamar ban ɗauki komai ba. Na juya gefensa na duba, sai gabana ya faɗi. Takarda ce sama, takarda ce ƙasa, tsakaninsu wata takarda a lanƙwashe, da ramuka jere daga wannan baki zuwa wancan. Na kanga a ido na hango hasken rana ta ciki. Na kira Mma Sanatu, babbarmu a shekaru, Badagomba ce da ta girme ni da kusan shekara ashirin. Ta sa tsinke a rami ɗaya, ya shige har ƙarshe.

"Magajiya, wannan abu ciki ba komai," ta ce. "Iska ne paa, iska zalla, suka sayar mana."

Kada ku yi saurin dariya. Duk rayuwarmu abin da ke da rami a ciki lalatacce ne. Itacen da gara ta ci, doyar da tsutsa ta huda, bangon da ɓera ya shiga. Abin da muke so ya yi ƙarko kuwa mun san maganinsa. In za a yi sabon ɗaki mata ke taruwa da madaɓi, a yayyafa wa ƙasa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi tauri tana sheƙi. Daɓen da uwata ta yi a gidan kakanku yana nan har yau, bai tsage ba. Don haka ban yi dogon tunani ba, na aika kowace mace ta zo da madaɓinta. Mahaifinku ya leƙo daga zaure da igiyar awo a wuyansa.

"Maimunatu, mutanen da suka yi abin nan ba su san aikinsu ba ne?"

"Malam, ka ji da ɗinkinka. Na taɓa koya maka yanka wuyan riga?"

Ya girgiza kai ya koma. Rabona da ranar farin ciki irin wannan tun bikin babbarku. Muka shimfiɗa kwalayen a kan siminti, muka yayyafa makuba kaɗan-kaɗan, muka jeru a durƙushe, madaɓi goma sha takwas suna sauka tare suna tashi tare. Mma Sanatu na ba da waƙa da Dagbanci muna amshi, maƙwabta suka leƙo suna tambayar ɗakin wa ake yi. Kwana biyu muka yi. Da muka shanya suka bushe, sai ga su sun yi sirara, sun yi ja, da tauri a hannu kamar ƙirgi. Na sake kanga ɗaya a ido, babu haske ko kaɗan. Na ce wa mata yanzu ne suka zama kaya. Muka zuba mai, muka liƙe, aka jera su a lori biyar-biyar a kan juna, muka yi addu'a direba ya tashi.

Bai wuce Kintampo ba ya bugo waya. Washegari da hantsi lorin ya dawo ya tsaya a ƙofar gida, mai na ɗiga ta tsakanin katakan bayansa. Kwalayen ƙasa duk sun durƙushe, na sama sun rufto a kansu, ledoji sun fashe, rana ta yi sauran aikin. Man da muka yi wata huɗu muna bugawa ya cakuɗe da ƙasa da tsatsa da baƙin man inji. Mata suka hau suna kwasa da hannu suna zubawa a roba. Rakiya ta zauna a bakin kwata ta miƙe ƙafar da maciji ya sara, tana kallonta kawai. Ni kuwa wuta ce ta tashi a ƙirjina, kuma wallahi a ranar ko sau ɗaya madaɓi bai faɗo mini a rai ba. Aka ce Ofori ya dawo jiya. Na fizgi yagaggen kwali ɗaya na nufi kasuwa, mata na biye da ni.

Abin da na faɗa a ƙofar shagonsa ba zan maimaita duka ba. Na kira shi macuci, na kira shi ɓarawo mai biro. Na ce ya haɗa baki da 'yan'uwansa na kudu sun sayar wa matan arewa iska. Na ɗaga kwalin sama na juya ga masu doya da masu mangwaro da masu ƙwan zabi, duk masu sayen kaya a wurinsa, na buɗe muryar nan tawa.

"Ku zo ku ga kwalin Ofori! Duk mai son dukiyarsa ta zube a titi, ga shago nan!"

Ya bar ni har na gaji. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi kwalin, ya duba gefensa ya daɗe yana dubawa, ya kai hanci ya sansana. Ya ɗago ya kalle ni, ya kalli matan da ke bayana, ya kalli taron.

"Magajiya," ya ce, "ka zo mu je inda ake yi. Ka gani da idonka. Ni zan biya mota."

Na amsa nan take, don a zatona zan je in yi wa masu masana'antar irin abin da na yi masa. Na naɗe yagaggen kwalin a jakata a matsayin shaida. Mun tashi da asuba, mun wuni a hanya, kusa da juna muka zauna ban ce masa sannu ba. Na kwana wurin wata 'yar'uwarmu a zongo, da safe ya zo ya ɗauke ni. A ƙofar masana'antar ƙanin matarsa ya tarbe mu, wani ƙato mai suna Kwaku, shi ne babban masu kula da inji. Ya ba mu wasu 'yan robobi muka toshe kunne, ya tura ƙofa.

'Ya'yana, na je Makka na ga taron da ba shi da iyaka, na ga teku, amma abin da hannun ɗan Adam ya ƙera bai taɓa girgiza ni kamar ranar nan ba. Ɗaki ɗaya ne, amma da za a sa layinmu a ciki tun daga masallaci har famfo zai shige. Daga farkonsa zuwa ƙarshensa inji ɗaya ne a miƙe, yana huci, tururi na fita ta haƙarƙarinsa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin takalmina. A bakin injin ga takarda a naɗe kamar tabarma, sai dai kowane naɗi ya fi ni tsayi, mutum goma ba su ɗaga shi. Wata 'yar mota mai hannu biyu ta zo ta rungumi ɗaya ta ɗaga shi kamar uwa ta ɗauki jariri, ta kai ta ajiye, aka soke shi da ƙarfe ta gefe biyu, ya fara warwara. Faɗan da na ƙullo tun daga Tamale na neme shi a bakina na rasa.

Kwaku na ihu da Turanci, Ofori na juya mini a kunne. Takarda uku ke shiga, ya ce. Ta tsakiya ita ce mai shan wahala. Sai an fara gasa ta da tururi ta yi laushi, sannan ta bi tsakanin wasu manyan ƙarafa biyu masu haƙora, kamar ganguna a kwance, masu zafin da ba a taɓawa, suna juyawa suna cizon juna. Na matsa har Kwaku ya riƙe mini mayafi. Ta wannan gefe takarda na shiga a miƙe, ta wancan tana fitowa da tudu da kwari, tudu da kwari, kowane daidai da ɗan'uwansa, ba wanda ya fi wani da ƙwayar gero. Ramukan da na ɗauka ha'inci ne, ga ƙarfe mai nauyin giwa an ƙera, an hura masa wuta, ba don komai ba sai don ya yi su. Na tsaya ina kallo bakina a buɗe. Ofori ya taɓa kafaɗata ya nuna mini sama. Na ɗaga kai na ga rufin ɗakin, kwano ne irin na gidanmu, mai tudu da kwari. Shekara hamsin ina kwana a ƙarƙashin kwano, na sha ganin magini na tafiya a kansa, ban taɓa tambayar kaina me ya sa ba a yin sa a miƙe ba.

Sai aka kai ni wani ɗaki a gefe, wai kicin suke kiransa. Na yi dariya, na ce kicin ba murhu. Manyan randunan ƙarfe ne, wani abu na juyawa a ciki, farin ruwa mai kauri na kewayawa. Warinsa na san shi tun kafin a faɗa mini. Na sa yatsa na murza.

"Tica, wannan ai ƙullu ne!"

"Ƙullu ne, Magajiya. Sitacin rogo, wani lokaci na masara. Da soda kaɗan, irin wanda ka ke sa a sabulu."

Ɗanye suke tura shi ta bututu zuwa inji. Wani ƙarfe mai juyawa ya lasa, ya shafa a kan tudun takardar kawai, ba ya taɓa kwarin, shafar da ba ta kai kaurin gashi ba. Da ya haɗu da zafi sai ya dahu nan take ya kama, kamar yadda koko ke kamawa in kin sheƙa tafasasshen ruwa a kan ƙullu. A daidai wannan ƙiftawar ido takarda ta biyu ke zuwa ta manne. Na ce Subhanallahi. Abin da nake damawa kowace safiya in ba ku ku sha, shi ne ke riƙe da kayan da ke ƙetare teku. Daga nan takardar ta hau sama ta bi wata gada tana ninkewa a hankali kamar an shanya zannuwa, ta sauko, a sake shafa wa ɗaya gefen ƙullu, ta uku ta zo ta rufe. Sai su bi ta kan faranti masu zafi, dogon layi, wani bel na danna su a hankali. A hankali fa. Kwaku ya nuna mini da yatsu biyu yadda ake auna dannawar, ya ce in ta yi yawa kaɗan aikin ranar duka ya lalace. Na ji maganar ta shige ni, na yi kamar ban ji ba.

A ƙarshen injin abin da ya shiga da laushi kamar zane yana fitowa da tauri kamar allo, da gudun da mai babur ba zai kamo shi ba. Wuƙaƙe masu juyawa na tsaga shi a tsaye, wasu ƙafafu marasa kaifi na yi masa layin da za a ninke, wata babbar wuƙa na sara a kwance, tas, tas, tas, ido ba ya ganin saukarta. Allunan na taruwa da kansu suna hawa kan juna da ɗumi kamar burodi. Wani inji ya ja su ɗaya-ɗaya ya buga musu rubutu da tawada, ya yanke kunnuwa, ya ninke, ya liƙe gefe, ya ƙirga, ya ɗaure dami. Ko ɓarɓashin da ya zube ba ya kai ƙasa, wani bututu ke zuƙe shi, a dunƙule, a mayar inda ake jiƙa tsofaffin kwalaye su sake zama takarda. Mutanen da ke wurin ba su kai mu matan unguwa yawa ba, suna tafe suna taɓa maɓalli, ko gumi ba su yi kamar namu.

Da muka fito inda ake jin magana, na tuna da shaidata. Hannuna bai so ba, amma na ciro ta na miƙa wa Kwaku. Ya juya ta, ya duba gefen, ya fashe da dariya ya ce wani abu da Twi, yarensu. Ofori ya ce da ni, "Ya ce ruwa ya taɓa shi." Amma ni na yi shekara bakwai ina fataucin goro a Kumasi kafin in auri mahaifinku, ina jin yaren sarai. Abin da Kwaku ya ce shi ne, "Wa ya kashe wannan?"

Ya ɗauko sabon kwali irin namu, ya buɗe, ya liƙe sama da ƙasa, babu komai a ciki. Ya ajiye, ya ɗora ɗan katako a kai, ya yi mini nuni in hau. Kun san jikina a lokacin, ba a banza ake ba ni kujera biyu a mota ba. Na ce ba zan karya ƙafa a garin mutane ba. Ofori ya miƙo mini hannu. Na kama, na sa ƙafa ɗaya, na sa ta biyu, na rufe ido ina jiran faɗuwa. Shiru. Na buɗe ido, ina tsaye a kan takarda da ƙullu da iska, ko ƙara bai yi ba. Kwaku ya nuna mini yadda ramukan suke tsaye daga ƙasa zuwa sama, ɗaruruwa, kowanne ginshiƙi ne, kowanne na ɗauke da ɗan rabonsa na nauyina. Na sauko. Sannan ya ɗauko wani, ya shimfiɗa a ƙasa, ya bi shi da dundunyar takalminsa yana takawa har ya yi lebur, ya haɗa shi, ya danna da tafin hannu ɗaya. Ya durƙushe kamar na cikin lorinmu. Bai san abin da yake nuna mini ba, shi a wurinsa wasa ne. Ni kuwa ina jin sautin madaɓi goma sha takwas a kunnena, da muryata tana ba da umarni.

A hanyar dawowa, da mota ta tsaya a Kintampo, ya sayo mana soyayyar doya ya miƙo mini. A nan na iya buɗe baki.

"Tica, tun a kasuwa ka sani."

"Na ji warin dawadawa a jikinsa," ya ce. Makuba yake nufi.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ran nan kunnenka ya rufe. Kuma in na faɗa gaban mutane, mata duka zai gudu ya bar ka. Wa zai yi mai?" Ya gutsiri doyarsa. "Ka faɗa da bakinka, Magajiya. Ni ina jira."

Na ce masa wallahi zan faɗa. Kuma na faɗa, amma ku ji inda na faɗa. Na tara matan a tsakar gidan nan, na sa aka rufe ƙofar zaure, na gaya musu duk abin da na gani, na ce madaɓi ne ya kashe kwalayen kuma ni na ce a ɗauko shi. Na ɗauka za su tsige ni. Mma Sanatu ta ce kowa a nan ya riƙe madaɓi, ba wadda za ta zagi wata. Sannan ta rage murya.

"Amma maganan nan ya tsaya nan. In kasuwa ya ji mun daɓe takarda, za a yi mana dariya har jikoki."

Ba zan ɗora mata ba, Allah ya jiƙanta. Ta faɗi abin da zuciyata ke so ne, na karɓa da hannu biyu. Na ce gobe zan je kasuwa, goben ta zama sati, satin ya zama bayan salla. Matar Tema ta sake ba mu dama, Ofori ne ma ya roƙe ta. Shekarar da ta biyo kayanmu suka isa lafiya a cikin kwalayensa, ko ɗaya bai lotsa ba, da kuɗin na sabunta rufin gidan nan, da su na je hajji. Amma ta bayan shago nake zuwa in karɓa, da sassafe. Masu mangwaro da masu ƙwan zabi ba su dawo ba. Maganata ta bar hannuna ta shiga gari, har yara na yi wa junansu ba'a da ita a gabansa. Kullum in na je zai ce, "Magajiya, ka kwana lafiya?" ya dube ni kaɗan, ya ci gaba da ƙirga dami. Bai sake tuna mini ba ko sau ɗaya. Bayan damina biyu ya rufe shagon. Ya zo har zauren nan ya yi mana sallama, na ba shi ƙwarya guda ta mai, ya ce ya gode. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗan jima, kamar mai neman takalminsa, alhali suna ƙafarsa. Bayan shekara huɗu wata mata 'yar cocinsu ta gaya mini ya rasu a garinsu.

Don haka ga abin da nake roƙonku. Duk wanda ya fito daga jikina, kada in sake jin maganar nan a bakinsa, ina raye ko ba na raye. In abu ya karye kuna neman sunan da za ku laƙa masa, ga nawa nan, ku ce daɓen Maimunatu. In wani ya faɗa a gabanku ku tsayar da shi ku ba shi labarin nan, ko yana sauri.

Washegarin ranar da kujera ta kayar da Azara, ban gaya wa kowa ba, na sayi sabon kwali na liƙe shi, na ɗauki murfin tsohon akwatina na katako, na hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwa. Inda shagonsa yake yanzu masu tura kuɗi ta waya ne. Na ajiye kwalin a daidai inda na tsaya a wancan karo, na ɗora katakon, wata mai tumatir ta kama hannuna na hau. Mutane suka fara taruwa, sun ɗauka mai tallar magani ce. Muryar ta tsufa amma ba ta mutu ba. Na faɗi komai, da madaɓi, da makuba, da lori, da injin Tema, da ƙofar zauren da na sa aka rufe. Wasu suka yi dariya, da ma na san za a yi. Na duba fuskokin ko zan ga ɗaya daga cikin waɗanda suka ji ni a wancan karo, ban ga ko ɗaya ba. Mai tumatir ɗin, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Azara ba, har yanzu tana riƙe da hannuna, ta ɗago kai ta dube ni.

"Hajiya, ashe Ofori mutum ne?"

"Mutum ne," na ce.

Na so in ƙara wani abu, muryar ta ƙi fita, karo na farko a rayuwata. Na tsaya a nan sama da kan kowa ina kuka a tsakiyar kasuwa, na daɗe ban sauko ba, kwalin kuwa yana riƙe da ni.